Kafin ka sayi injin buga hoton baƙi da fari a Damagaram

Hoton da ya koya mini hankali na wani dattijo ne ɗan Birni, bisa doki ranar hawan sallah, tun zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu. Ɗansa ya kawo shi gefe duk ya cinye, ya ce a sabunta, za a kafa a falo. Na buga da Epson L805 da nake hotunan biki da shi, na duba a ƙofar shago da rana, tsaf. Washegari sai ga Alhaji da hoton a hannu: "Malam, rawanin baba fari ne, ya aka yi ya koma kore?" Ashe ƙarƙashin ƙwan lantarkin gidansa rawani da doki duk sun yi kore-kore.

Injin bai yi laifi ba, ni na ɗora masa kayan da ba nasa ba. L805 da yayansa L1800 tawada 6 gare su, amma babu ruwan toka a ciki. In hoto na son toka-toka, sai injin ya cuɗa shuɗi da ja da rawaya, kuma wannan cuɗin yana sake fuska in haske ya sake. Saboda haka kafin ka tambayi kuɗi, ka tambaya ko akwai tawadar toka.

Ni dai Epson L8180 na koma, kuma ban yi da-na-sani ba. Shi ma tawada 6 ne, sai dai akwai toka, akwai kuma baƙi iri biyu, nan ne sirrin yake. Ɗaya baƙin rini ne, yana nutsewa cikin fatar takarda mai sheƙi kamar yadda baba ke kama zane a marina. Ɗayan baƙin gari ne, ƙwayoyi ƙanana kamar kwalli, yana zama bisa takarda marar sheƙi ya yi baƙi ƙirin. Injin da kansa ke zaɓa, gwargwadon irin takardar da ka faɗa masa a kwamfuta. In ka yi masa ƙarya, kai za ka ji kunya: baƙin gari a kan takarda mai sheƙi yatsa kawai zai goge shi, baƙin rini a kan marar sheƙi kuwa sai ya fito kamar baƙar riga da ta sha wanki. Yana ɗaukar takarda har santimita 33 da 48, tawadarsa a kwalba take, ba sai ka yi ta canza ƙananan mazubai ba. Aibinsa ɗaya, tokarsa ta rini ce, ba ta son rana. Sai a sa hoton bayan gilashi, nesa da taga.

Canon PRO-200 na da baƙi da toka biyu, aikinsa na da kyau, amma mazuban tawadarsa ƙanana ne. Epson SC-P700 da Canon PRO-300, masu tawadar gari 10, hotonsu ya fi daɗewa a bango. Sai dai ka tambayi kanka inda za ka samo tawadarsu in ta ƙare ana saura kwana biyu biki.

Takarda kuwa, mai ɗan sheƙi kaɗan nake so don aikin yau da kullum. Hoton magabata na fi sa shi a ta auduga irin Hahnemühle Photo Rag mai giram 308, wato nauyin murabba'in mita guda nata ke nan. Ka guji wadda farinta ya yi fat har da shuɗi-shuɗi, sinadarin ƙara haske ne a jikinta, in ya mutu sai ta koma rawaya.

Yanzu maganar 'yan damfara. Wani ɗan kasuwa ya taɓa sayar mini da kwalba mai tambari daidai, a rabin kuɗi, har da rantsuwa. Tawadar buga riguna da kofuna ce, wadda ba ta nuna launinta sai an gasa ta da zafi. Baƙina ya fito ruwan ƙasa, na yi mako uku ina wanke injin. Wasu kuma tsofaffin kwalabe suke tarawa su cika da abin da Allah kaɗai ya sani, ga ƙurar hunturu, sai kan injin ya toshe. Duba marfi, duba ranar ƙarewar aiki. Ɗiga ruwa a kan rubutun da ka buga a takardar ofis: rini zai zube, gari zai tsaya, don haka in an sayar maka da baƙin gari ya zube, jabu ne.

Takarda ma ana sake mata kwali. Awonta mai sauƙi ne: falle 16 na A4 ne murabba'in mita guda, don haka falle 20 na mai giram 260 sai su auna giram 325. Ƙaramin sikeli ya ishe ka. In mai kaya ya ce ba a buɗe kwali, sayi falle biyu ka buga fuskar mutum da farar riga, ka duba a tsakar gida da hantsi, ka sake dubawa da dare ƙarƙashin ƙwai, sannan ka koma masa da kuɗin sauran.