Gudun asuba a dutsen Entoto: abin da ɗan Damagaram ya biya da abin da ya samu

Duk ɗan kasuwar Damagaram da ke bin jirgin Habasha daga Yamai zuwa Dubai ko Sin ya san Adis Ababa, amma sanin bai wuce kujerun filin jirgin Bole ba. A tafiyar da muka yi cikin Nuwamba, ni da wani Alhaji da muke sarin kaya tare muka ce bari mu ɗan tsaya mu ga garin. A teburin karɓar baƙi na otel na tsinci takardar wani ƙaramin kamfani da ke kai baƙi gudun safe a dutsen Entoto, in an sauko kuma a zaga da su gari. Kuɗi ɗaya ne, ya haɗa mota da jagora da karin kumallo, kuma bai kai kuɗin kwana guda a otel ɗin ba. Gudun ya ci kuɗinsa har da gyara. Yawon garin kuwa bai yi ba.

Tun kafin a tashi suka so su rikita mu. Saƙon da suka turo ta WhatsApp ya ce mota za ta zo ƙarfe 11:30. Na ce wane irin gudun safe ne da rana tsaka? Ma'aikacin otel ne ya warware mana: Habashawa daga fitowar rana suke fara ƙidayar awoyi, shida na safe wurinsu sha biyu ne, don haka 11:30 tasu biyar da rabi ce ta asuba. Kamfanin da baƙi ne kasuwarsa ya kamata ya rubuta lokacin da baƙo zai gane. Inda suka wanke kansu shi ne da na ce sai mun yi sallar asuba. Jagoran, saurayi siriri Kirista da zaren gicciye a wuya, bai ko ɓata rai ba. Ya jira mu a mota har muka idar.

A gida ni mai gudu ne. Bayan sallar asuba nakan bi hanyar Mirya in dawo kafin rana ta yi ƙarfi, kuma ko watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 ba ya hana ni fita. Mutumin da ya saba da wannan yana ganin babu ƙasar da za ta ba shi wuya. To, jure zafi daban, jure tudu daban. Damagaram ba ta kai mita 500 bisa teku ba. Adis Ababa tana wajen mita 2,350, Entoto da ke arewacinta kuma ya kai 3,000 har ya ɗan haura. A irin wannan tsawo iskar ta yi sauƙi, kowane numfashi da ka ja ya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na iskar oksijin da zai kawo maka a bakin teku. Jiki yana iya sabawa, yana ƙara jajayen ƙwayoyin jini, amma aikin makonni ne. Baƙon ƴan kwanaki ba zai kai can ba.

Jagoran ya san haka sarai, kuma nan ne gwanintarsa take. Da muka sauka daga mota duhu bai gama washewa ba, sanyi na shiga har ƙashi, raɓa ta jiƙa ciyawa. Ya sa mu layi ɗaya, shi gaba, ni bayansa, wasu Turawa biyu a baya. Ya fara wata irin sassarfa da ko tsoho zai bi. Na so in wuce shi, ya miƙa hannu baya ya tare ni ba tare da ya waiwayo ba. Ba a yi minti goma ba ƙirjina ya koma zugazugin maƙera, ga ƙafafu da sauran ƙarfi amma numfashi ya ƙi isa. Da kunne yake auna mu. In ya ji haki ya yi yawa a bayansa sai ya karkata zuwa gangare, in numfashi ya daidaita ya sake ɗaukar hawa. Ko sau ɗaya bai duba agogo ba.

Ba kan kwalta suke gudu ba, ba kuma miƙe ba. Cikin dajin itatuwan turare ake kutsawa, a yi dama a yi hagu tsakanin itatuwa, kan jar ƙasa mai laushi da busassun ganye. Ƙasa mai taushi tana raga wa gwiwa, yawan juyin kuma yana hana mutum zarce ƙarfinsa. In akwai dutse ko saiwa a gaba sai na gaba ya kaɗa yatsu ya nuna ƙasa, na bayansa ya yi wa na bayansa haka, har ƙarshen layi. Ƙamshin ganyen turaren da sanyin safiya yana buɗe hanci sosai. Can sai ga wani layi na ƴan gudun gaske, maza da mata sun fi goma, sun gifta mu ƙafa ɗaya, ba ka jin komai sai taku da shesheƙar rigunan leda. Kafin in ɗaga kai da kyau sun shige daji. A ƙasar da Abebe Bikila ya ci gudun fanfalaki na Olamfik a Rum a 1960 ba takalmi, ƙasar Derartu Tulu da ta ɗauki zinariyar mita 10,000 a Barselona a 1992, irin waɗannan yara ba motsa jiki suka fito ba, neman abinci suka fito.

Itatuwan nan ma baƙi ne. Daga Ostireliya aka kawo irinsu zamanin Sarki Menelik na biyu, a shekarun 1890, lokacin da ƙarancin itacen girki ya matsa wa sabon birnin. Har yau dajin yana ciyar da murhu. Muna komowa muka riƙa cin karo da mata sun ɗauko damin itace a baya, faɗinsa ya kusa tare hanya, sun duƙa suna gangarawa gari. Kai ka biya kuɗi don ka gaji, ita tana gajiya don ta samu na gishiri. Turawan suka ɗaga waya za su ɗauke su hoto, jagoran ya girgiza musu kai. Wannan ma na ƙara masa maki.

Mun tsaya a wani bakin gangare daidai rana na fitowa. Birnin gaba ɗaya yana ƙasa, hazo da hayaƙin girki sun lulluɓe shi, dogayen gine-gine sun leƙo ta ciki. A kan dutsen nan Menelik ya fara zama kafin matarsa Taytu ta janyo shi ƙasa kusa da maɓuɓɓugar ruwan zafi, aka kafa Adis Ababa a 1886. Cocin Entoto Maryam, inda aka naɗa shi sarkin sarakuna a 1889, tana nan da fentinta mai launi-launi, mata sanye da fararen mayafai suna addu'a a jikin katanga. Bayanta fadar Menelik take, ƴan ɗakunan farar ƙasa da rufin ciyawa. Alhaji, wanda ya ƙi gudu ya jira mu a nan naɗe da bargon otel, ya dube ta ya dube ni.

"Malam, wannan ce fadar? Ai zauren Sarkin Damagaram ya fi ta."

"Alhaji, amma mai ita ne ya kori Italiya a Adwa a 1896."

"To, wannan kam ba a ja."

Karin kumallon ya yi daɗi. A wata bukka wata mata ta soya ɗanyen kofi a gabanmu, ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, ta daka, ta dafa a baƙar butar ƙasa mai dogon wuya. Zubi uku ake yi, ga gugguru, ga lubban na ci a gefe. Mai shan shayi zubi uku ba zai ji baƙunta ba. Injera, wainarsu mai faɗi da tsami, ita ce dai Alhaji ya ture gefe ya nemi burodi.

Daga nan abin ya lalace. Jagoran ya miƙa mu ga direba ya tafi nasa atisayen, direban kuma sauri yake. Hedkwatar Tarayyar Afirka ta tagar mota muka gan ta. Na roƙa ya tsaya a Africa Hall, zauren taron da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka (OUA) a 1963, wadda Diori Hamani na cikin shugabannin da suka sa mata hannu, ya ce babu wurin ajiye mota. A gidan tarihi na ƙasa aka ba mu ƴan mintoci mu ga Lucy, ƙasusuwan nan na wata halitta mai kama da mutum, masu shekara miliyan 3.2, da aka tono a Hadar da ke ƙasar a 1974, kuma ba wanda ya gaya mana kwafi ne a cikin gilashi, na ainihin yana ajiye. Lokacin da aka hana mu a can sai aka ɓatar da shi a wani shagon tsaraba mai tsada da direban ya san mai shi. Kasuwar Merkato da masallacin Anwar, da su ne ɗan kasuwa Musulmi zai fi so ya gani, ba su cikin tsarin sam. Ga jiki da gumi ya bushe a kai, ba a ba mu damar komawa otel mu watsa ruwa ba.

Akwai kuma matsalar harshe. Amhara da Ingilishi suke ji, Faransanci babu ko kalma. A daji hannu ya wadatar, amma bayanin tarihi sai da wayata ta yi tafinta.

Wanda zai je daga wajenmu, ya bari ya kwana biyu a garin kafin ya hau dutsen, ya sha ruwa sosai, ya tafi da rigar sanyi da safar hannu. Takalmin da nake bin kwaltar Mirya da shi ya riƙa zamewa a kan ganye mai raɓa, mai ƙasa kaushi ya fi. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, dajin laka ne. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna. Na tambaye su ko suna sayar da gudun shi kaɗai ba yawon gari, suka ce suna yi in mutum ya nema tun wajen biya, kuɗin ma ya ragu. Merkato kuwa washegari muka ɗauki tasi muka je da kanmu, Alhaji ya wuni yana taya takalman fata.