Masaukin Ƴan Ambaliya na Gundumarmu: Yadda Na Same Shi a Mako Takwas

Na daɗe ina son rubuta wannan sharhi, amma na dakata har zuciyata ta huce, domin kada godiya ta rufe mini ido, kada kuma ɓacin rai ya sa in ɗora wa wani laifin da ba nasa ba. Abin da zan auna shi ne hidimar masaukin wucin gadi da hukumar gundumarmu ta buɗe wa waɗanda gidajensu suka rushe a daminar 2024, inda ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta zauna da jikokinta uku kusan mako takwas. Ni ne mai kai da kawo a kansu safe da yamma, saboda haka abin da zan faɗa idona ne ya gani. Birnin Maraɗi gundumomi uku gare shi, kuma ba zan ambaci wacce ce tamu ba, domin gyara nake nema, ba tonon asiri ba.

Duk mazaunin Maraɗi yana tune da ruwan ranar Jumma'a 30 ga Agusta, 2024, wanda ya zuba kamar da bakin ƙwarya cikin ɗan lokaci, ya ci rayuka, ya kwantar da katangun ƙasa unguwa bayan unguwa. Ɗakin da Inna take haya na tubalin laka ne, kuma ginin laka idan ruwa ya kwanta a gindinsa, daga ƙasa yake narkewa kafin rufi ya biyo baya. Allah ya sa sun fita da ransu, da ƴan tukwane da tabarma ɗaya. Washegari kafin azahar mai unguwa ya rubuta sunanta, aka kai su wata makarantar firamare da aka buɗe azuzuwanta. A nan dole in yaba, kuma yabo na gaskiya: ba a nemi ko dala a hannunta ba, ba a tambaye ta wa ta sani a ofis ba, kuma a daren da ba ta da inda za ta sa haƙarƙarinta, ta samu rufin kwano da daɓen siminti. Wanda bai taɓa tsayawa cikin ruwa da yara ƙanana ba zai iya raina wannan, amma ni ban raina ba.

Kayan agaji sun zo, ko da yake ba a rana ɗaya ba. An raba tabarmi da barguna da gidan sauro da bokiti da sabulu, daga baya hatsi ya biyo. An ware mata da yara a wasu azuzuwa, maza a wasu, abin da ya kare mutuncin mutane ƙwarai. Inda aka gaza tun farko shi ne makewayi. An gina shi ne domin ɗalibai masu zuwa da safe su koma gida, sai ga shi iyalai da yawa suna amfani da shi dare da rana, kuma ba a kawo mai yashe shi ba sai da kuka ya yi yawa. Famfo ɗaya ne a farfajiyar, layin jarkoki kuwa yakan fara tun kafin kiran assalatu. Da dare babu fitila a waje, har sai da matasan unguwa suka haɗa kuɗi suka sayo masu aiki da hasken rana. Waɗannan duk aibu ne da ɗan kuɗi kaɗan da kulawa za su iya gyarawa, don haka ba zan tsaya a kansu ba.

Babban aibin yana cikin littafin rajista, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Masu ƙidaya gidajen da suka faɗi suke lissafawa, gida kuwa a takarda na mai shi ne. Inna ƴar haya ce, jika goma take biya kowane wata daga abin da take samu a sayar da ƙosai. Da aka zo maganar taimakon sake gini, sai sunan mai gidan ya hau, shi kuwa yana zaune lafiya a gidansa na siminti a wata unguwa. Na raka ta ofis, ta durƙusa gaban ma'aikacin da bai kai ɗanta na fari a haihuwa ba, ta ce: «Yallaɓai, ni ce ruwa ya fitar cikin dare, ba shi ba.» Ya tashi tsaye cikin ladabi ya ce: «Inna, ki yi haƙuri ki zauna bisa kujera. Wallahi na san gaskiyarki, amma takardar da aka ba ni ba ta da gurbin ɗan haya.» Ban ga laifin wannan saurayi ba, kuma har yau ina ganin girmansa. Laifin na tsarin ne, wanda ya ɗauka cewa duk wanda ya rasa matsuguni gida gare shi da zai koma ya tayar. Mai gida ya yi asarar bango, amma filinsa yana nan daram. Ɗan haya kuwa ya rasa komai, kuma yana shiga neman ɗaki ne daidai lokacin da ɗakuna suka yi ƙaranci, kuɗin haya ya hau.

Ga kuma ranar fita da take tafe. Gwamnati ta ɗage komawa makaranta a faɗin ƙasa daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga Oktoba, 2024, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne azuzuwan da ƴan ambaliya suke ciki. Wannan ya ba mutane numfashi na ƴan makonni, amma kowa ya san aji na ɗalibai ne, zaman aro ake yi. Masaukin yana da ƙofar shiga mai faɗi, sai dai ba a tanadi inda ƙofar fita za ta kai mutum ba. Masu fili sun koma suna buga tubali, rage farashin siminti da gwamnati ta yi a watan Oktoba na shekarar ya kuma sauƙaƙa wa masu ɗan hali a cikinsu. Irin su Inna kuwa aka bar su da dangi, mai dangin ke nan.

Na yi ƙoƙarin fahimtar ta ina kuɗin irin wannan hidima suke fitowa, domin ba a yi wa mutum hisabi da abin da bai riƙe ba. Baitulmalin ma'aikatar magajin gari a ƙasarmu yana cika ne da harajin kasuwa da na tasha da na mazauna gari, da kason da gwamnatin tsakiya take turowa, da tallafin hukumar ANFICT mai ba ƙananan hukumomi kuɗin ayyuka, sannan da sayar da filaye idan an yanka sabuwar unguwa. Babban agajin bala'i kuwa daga sama yake zuwa, ta hannun gwamnatin tsakiya da ƙungiyoyi, ita gunduma aikinta ƙidaya da ba da wuri da rabo. A shekarar da ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta kuma shafi fiye da miliyan ɗaya, ba abin mamaki ba ne idan abin da ya iso kowace gunduma bai taka kara ya karya ba. Ƙari a kan haka, tun watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, wato kansilan unguwa da a da mutum kan tare a bakin masallaci ya kai masa kuka ba ya nan. Duk wannan uzuri ne da na karɓa.

Abin da ban karɓa ba shi ne a ce babu abin yi, alhali ƙasa tana hannun hukuma. Duk lokacin da aka yanka filaye a bayan gari, masu kuɗi ne suke kwashewa, wasu ma su kewaye su bar su shekara da shekaru suna jiran farashi ya tashi. Da za a ware ko da ɗan yanki daga kowane yanka, a gina ɗakuna masu harsashin siminti da makewayi da famfo, a ba da su haya mai rahusa ga gwagware mata da tsofaffi da waɗanda ruwa ya kora, da an samu wurin da ba sai an kori ɗalibi ba kafin a tsugunar da mutum. Rancen gida na banki albashi ko jingina yake nema, mai tuyar ƙosai kuwa ba ta da ko ɗaya. Kuma wannan ba baƙon tunani ba ne a garin nan: bayan da Gulbi ya cinye tsohon gari a 1945, ai dukan Maraɗi aka tayar daga fadama aka mayar bisa tudu, aka yanka wa mutane wuraren zama. Ko a cikin jiharmu, ƴan gudun hijirar da suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019 an tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makaho da Cadakori, abin da ya nuna cewa sanin yadda ake wannan aiki bai yi mana nisa ba.

Idan aka tambaye ni ko zan ba wani shawarar zuwa wannan masauki in bala'i ya same shi, Allah ya kiyaye, zan ce ya je ba tare da jinkiri ba, ya tabbata mai unguwa ya rubuta sunansa a ranar farko, in kuma ɗan haya ne ya nace a rubuta hakan kusa da sunan, sannan ya fara neman inda zai koma tun makon farko. A ceton gaggawa hidimar ta yi rawar gani, a tsabta ta yi rauni, a makomar ɗan haya kuwa ba ta ma fara ba.

Inna ta bar ajin kwana uku kafin ɗalibai su dawo. Na kwashe buhunan da suke cikin ɗakin zaurena, na yi masa yaɓe, na sa labule a ƙofar, suka shiga su huɗu. Ƴar takardar da aka ba ta mai ɗauke da lambar rajista tana nan a naɗe cikin leda a ƙasan kwallarta, kuma duk sanda ta ji an ce ana kiran suna a ofis, sai ta aiko jikanta ya ce mini: «Kawu, Inna ta ce ka je ka dubo ko an kai kanta.»