Insulin ɗin reshen babban kamfani ko na masana'antar Indiya?

Hajiya, tunda likitan Baba ya rubuta miki glargine, wato insulin mai dogon aiki na masu ciwon suga, kuma ya ce duk wanda kika samu cikin biyun zai yi, wato wanda reshen babban kamfanin Turai ke kawowa ko na kamfanin Indiya, ki ɗauki na Indiyan. Na ga wasu a nan suna ce miki araha ba ta ado. A kan atamfa na yarda, amma a kan wannan maganin zancen ya ɗan bambanta.

Na Indiyan mahaifiyata take amfani da shi. Lokacin da take kan mai tsadan, ta koyi wata dabara ba tare da ta gaya wa kowa ba: sai ta riƙa rage abin da likita ya ce ta yi, wai don alƙalamin allurar ya daɗe kada ta ɗora mana nauyi. Mu muna ganin sugan safe yana hawa, muna zargin abinci, ashe tausayinmu take ji. Da likitanta ya gano, bai yi mata faɗa ba, sai ya mayar da ita kan glargine na kamfanin Biocon na Indiya, ya ce ta ci gaba da adadin da ya rubuta tun farko, a riƙa auna ta kowace safiya na ɗan lokaci. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba za a yi gwaji da jikinta ba. Yanzu ita ke murza alƙalaminta da daddare, ta rubuta awonta a wani ɗan littafi, kuma ranar asibiti ita ke fara miƙa wa likita littafin tun kafin ya tambaya. Abin da ya fi faranta mini rai ba lambar da ke kan na'urar ba ce, a'a, daina ɓoye-ɓoyen da ta yi.

Na babban kamfanin kuwa, magani ne mai kyau, yana aiki. Ban ga abin da ya fi ɗayan da shi a jikinta ba.

Bari in faɗi dalilin da ya sa hankalina ya kwanta, don ba haka kawai na yarda ba. Insulin ba irin ƙwayar farasitamol ba ne da ake haɗawa da sinadarai ta fito iri ɗaya sak a ko'ina. Ƙwayoyin halitta masu rai ake sa wa su samar da shi a cikin manyan tankuna, sannan a tace. Lantus na kamfanin Sanofi na Faransa, wanda shi ne glargine na asali kuma Amurka ta amince da shi a 2000, da bakteriyar E. coli ake yin sa. Biocon kuma da wani nau'in yis mai suna Pichia pastoris take yin nata. Shi ya sa ba a kiran irin wannan kwafi jenerik, ana ce masa bayosimila, kuma hukumomi ba sa amincewa da shi sai an gwada shi kafaɗa da kafaɗa da na asalin, a ɗakin bincike da kuma jikin marasa lafiya.

Ita Biocon ɗin ba jiya ta fara ba. Kiran Mazumdar-Shaw ce ta kafa ta a Bangalore a 1978, da sinadaran masana'antu ta fara, sai a 2004 ta fitar da insulin ɗinta na farko, Insugen, sannan glargine mai suna Basalog a 2009. Japan ta amince da glargine ɗin a 2016, Tarayyar Turai a 2018 da sunan Semglee, Amurka a 2020. A watan Yulin 2021 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta ba shi matsayin da ke ba mai kantin magani damar bayar da shi a madadin Lantus, kuma shi ne bayosimila na farko da ya samu wannan matsayi a Amurka. Ba a miƙa musu a faranti ba: FDA ta jinkirta amincewar har sai da aka yi gyare-gyare a masana'antarsu da ke Johor a Malesiya. Ni wannan jinkirin ma ƙara mini natsuwa ya yi, don ya nuna akwai mai dubawa da gaske.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba game da "reshe". Reshen babban kamfani a wani yanki sau da yawa ofishin rajista ne da talla da rarraba kaya. Insulin ɗin a wata ƙasar ake yin sa, kuma hukuncin abin da za a ci gaba da kawowa ko a daina a hedikwata ake yanke shi. In lissafin kasuwa bai yi musu ba, sai su tattara. Misali, kamfanin magunguna na Birtaniya, wato GSK, ta sanar a 2022 cewa za ta daina sayarwa kai-tsaye a Kenya, ta yi haka a Najeriya a 2023, ta bar wa dillalai. Kamfanoni uku ne, Novo Nordisk da Eli Lilly da Sanofi, ke riƙe da sama da kashi 90 cikin 100 na kasuwar insulin ta duniya, kuma yanzu hankalin biyu daga cikinsu ya fi karkata ga alluran rage ƙiba da ke kawo musu kuɗi. Su kuwa kamfanonin Indiya da na Sin, irin su Gan & Lee, kasuwannin ƙasashe masu tasowa su ne abincinsu. Indiya ta gina wannan masana'antar ne tun daga dokar 1970 da ta bari a kwafi magani muddin an bi wata hanyar haɗawa daban, kuma kafin a sauya dokar a 2005 sun riga sun ƙware. Ga maganin da mutum zai yi ta yi har ƙarshen rayuwarsa, wanda zai ci gaba da samuwa kuma aljihu ya iya ɗauka ya fi wanda sunansa ya fi daɗin faɗa.

Kada dai ki ɗauka ina cewa duk abin da aka rubuta Indiya a kwalinsa lafiyayye ne. Maganin tarin da ya hallaka yara kusan 70 a Gambiya a 2022 daga can ya fito. Kamfanin da hukumomi masu tsauri suka tantance nake nufi, kuma wanda ke da lambar rajistar hukumar magunguna ta ƙasar da kike.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa: haɗarin da ya fi girma yana hannun mai sayarwa, ba a sunan kamfani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marar inganci, kuma masu jabu sun fi son kwaikwayon suna mai tsada. Insulin yana so a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ya sha zafi ko ya daskare ƙarfinsa ya ragu, kuma ido ba lallai ya gane ba. Wani mai kanti ya taɓa zaro mini alƙalami daga aljihun tebur, da na yi magana ya ce yanzun nan ya fito da shi daga firji. Na taɓa shi na ji ɗumi, na ajiye masa abinsa. Ki tsaya ki ga an buɗe firji a gabanki. Glargine ruwa ne garau, in kika ga ya yi hazo ko akwai ɗigo-ɗigo a ciki ki bar shi. Ki duba cewa lambar rukuni da ranar lalacewa da ke kan kwali su ne ke jikin alƙalamin. Masu tallar "orijina" a intanet da rabin kuɗi kuma, ko sallamarsu kada ki amsa.

Sai ƙarfin maganin. Wanda ake musanyawa ɗin nan mai yunit 100 a kowace mililita ne. Akwai glargine mai 300, Toujeo, wannan ba a sauya shi da kai, sai likita ya sake lissafi. In kuma kwalba kika saya ba alƙalami ba, ki tabbata sirinjin na 100 ne, don akwai na 40 a kasuwa kuma haɗa su yana sa a yi allurar da ta wuce kima. Glargine mai 100 da aka fara amfani da shi kwana 28 yake yi a wajen firji, nesa da rana, daga nan a yar ko da saura.

Ki sayi na Biocon a kantin magani mai rajista ko na asibiti, ki nuna wa likita kwalin kafin Baba ya fara, kuma a riƙa auna sugansa da safe a makonnin farko. Allah ya ba Baba lafiya.