Wata bakwai da agogon motsa jiki: ya iya ƙirga taku, bai iya lissafin ciki ba

Wata bakwai ke nan agogon nan yana ɗaure a hannuna, ba na cire shi sai zan sa shi a caji. Don rage ƙiba na saye shi, kuma wata biyun farko abin kamar da gaske, daga kilo 94 na sauko 90. Daga nan sikeli ya kafe. Sau huɗu a mako nake fita sassarfa da sassafe, in dawo riga ta jiƙe sharkaf, amma duk ranar da na hau sikeli 90 ɗin nan ce ke jirana.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa. Wajen ƙirga taku da bugun zuciya ba ni da ƙorafi. Na sha ɗora yatsu biyu a wuyana in ƙirga da kaina, bambancin bai taɓa wuce biyu ko uku ba. Batirinsa yana kai ni kwana biyar. Madaurin na roba ne, yana sa ƙaiƙayi in gumi ya taru a ƙarƙashinsa, amma wannan ƙaramin abu ne.

Inda muka ɓata shi ne lambar kalori, wato ma'aunin kuzarin da jiki ke ƙonawa ko yake samu daga abinci. Ina gama minti 40 zai ɗan girgiza a hannuna, ya nuno hoton harshen wuta da 520 a gefe. Ni kuwa sai in ji kamar bashi nake bin jikina. Kwalbar lemo mai sanyi a hanyar dawowa, ƙarin abinci da dare, in zuciyata ta so ta yi magana in ce mata ai na ƙone shi tun da safe. Daga baya na ci karo da binciken da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 2017, inda aka gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai. Shida sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin 100 ba. A lissafin kalori kuwa, wadda ta fi ƙoƙari ta kauce da kashi 27, ta ƙarshe da kashi 93. Dalilin ba boyayye ba ne: agogo bugun jini da lilon hannu yake gani, sauran kintace ne daga shekaru da tsawo da nauyin da ka shigar masa.

Sai dai ba zan ɗora masa laifin duka ba, don shi ne ma ya tona min asiri. Da na zauna na bi tarihin takuna rana-rana, sai na ga duk ranar da na fita motsa jiki, daga hantsi zuwa dare kusan a zaune nake. Ruwan sha ma sai in aika a miƙo min. Ashe jiki yana da wayon ramawa. Herman Pontzer da abokan aikinsa sun auna 'yan ƙabilar Hadza na Tanzaniya, mafarautan da ke wuni suna yawo a daji, suka wallafa a 2012 cewa in an yi la'akari da girman jiki, kuzarin da suke ƙonawa a rana bai yi nisa da na mazauna biranen Turai da Amurka ba. Ga shi kuma jikin da ya ragu ba ya buƙatar abin da yake buƙata a da, ni kuwa ina nan da farantina na mai kilo 94.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne man girki. Cokalin cin abinci ɗaya kusan kalori 120 ne, ni kuma da ido nake tsiyayawa. Ranar da na auna, huɗu na samu a girki ɗaya. Kilo guda na kitse kuwa kimanin kalori 7,700 ne, kun ga sassarfar safiya ba za ta kamo hannun da ke tsiyaya haka ba.

Wanda yake son abin da zai riƙa zungurarsa ya tashi daga kujera, ko mai bibiyar bugun zuciyarsa, agogon zai yi masa amfani. Wanda kuwa zai riƙa cin abinci da lambar wutar nan, gara ya riƙe kuɗinsa. Ni dai na shiga saituna na cire ta daga fuskar agogon, na bar taku da awannin barci kawai. Mako shida ke nan, sikeli ya nuna 88 da ɗoriya, bel ɗina kuma ya matsa huda ɗaya.