Kamfanin da ya shirya mana tafiyar amarci ya san Makka, bai san sanyi ba

Sharhina ke nan a kan wani kamfanin shirya tafiye-tafiye a Kano da muka danƙa wa ɗawainiyar tafiyar cin amarcinmu a watan Janairu: Istanbul, sai Kapadokiya a tsakiyar Turkiyya, sannan Madina da Makka domin Umara. Ba zan kama sunansa ba. Irin kamfanonin nan ne da suka ƙware a harkar Hajji da Umara, daga baya suka ƙara Turkiyya a tallarsu ganin angwaye na yawan tambaya.

A wajen takardu babu abin cewa. Bizar Turkiyya da ta Saudiyya sun fito a kan kari, kuma ejan ɗin ne ya tuna mana da katin rigakafin shawara da takardar shaidar aure, tunda sunan mahaifinta ne a fasfon amarya. Ko ƙarfe nawa na kira shi zai ɗauka, ya ce, "Ango, kwantar da hankalinka."

Hankalin ya kwanta har muka sauka Istanbul muka buɗe jadawalin da suka ba mu. Na bazara ne aka sauya wa kwanan wata. Tun 2016 Turkiyya ta daina juya agogo baya da awa guda in hunturu ya shigo, tana gaban Najeriya da awa biyu duk shekara, don haka a Janairu rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi. Takarda kuwa ta ce mu fita yawon gari ƙarfe bakwai, cikin duhu da yayyafi. Fadar Topkapi, wadda amarya ta fi ɗoki saboda sashen da aka adana kayan tarihin Manzon Allah (SAW) da takubban sahabbai, sun sa mana ita ranar Talata, ranar da ake rufe ta. Yaron da ke karɓar baƙi a otal ne ya lura ya juya mana ranakun. Da muka shiga, ga alaramma zaune a gefe yana karatun Alƙur'ani ba yankewa, mutane na wucewa a hankali, ita kuwa amarya sai da na jira ta a waje.

Otal ɗin dai sun iya zaɓe. Da ƙafa muke zuwa Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida, da Aya Sofiya da aka mayar masallaci a 2020. Abin da ya fi mana daɗi a birnin ma babu shi a jadawali: jirgin ruwan da mutanen gari ke hawa daga Eminonu zuwa Uskudar, kuɗi kaɗan da katin Istanbulkart, ga shayi a ƙaramin kofin gilashi, ka bar Turai ka sauka a Asiya kafin ya huce.

Kapadokiya ce aka tallata mana da hoton balan-balan ɗin nan masu ɗaukar mutane da sassafe, kuma a nan kamfanin ya fi ba ni haushi. Tashinsu ba a hannun mai balan-balan yake ba. Hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar ce ke duba ƙarfin iska kowace asuba ta ba da izini ko ta hana, kuma a hunturu hanawar ta yi yawa. Duk mai aiki a garin Goreme na Kapadokiya ya san haka, shi ya sa suke cewa a sa hawan a safiyar farko, a bar wasu safiyoyin a baya ko da an soke. Namu ejan ya ajiye shi a safiyar ƙarshe, ranar da za mu koma filin jirgin Kayseri. Aka tashe mu tun kafin kiran sallah, muka sha shayi a ofishin masu balan-balan, aka ce iska ta hana. Shi ke nan. Amarya ta dube ni ta ce, "Yallaɓai, ashe hoto muka saya."

Maganar sutura ma "ku riƙe rigar sanyi" kawai aka ce mana. Sanyin Jos wasan yara ne a kan na can, inda dare ke sauka ƙasa da sifiri, dusar ƙanƙara ta rufe duwatsu. Allah ya sa wata ƙanwar mahaifiyata da ta taɓa zama a Rasha ta kora mu Ƙofar Wambai muka ɗebo manyan riguna da safar hannu a gwanjo, don babu mai sa irin wannan a lefe. Takalmi mai kama ƙasa kuwa sai can muka saya da tsada.

Duk da haka garin ya biya mu. Ɗakin da suka kama mana a cikin dutse aka sassaƙa shi, ƙasansa da ɗumi, ka taka ba takalmi. Direban da suka haɗa mu da shi, dattijo mai haƙuri, shi ya kai mu Derinkuyu, garin da mutanen dauri suka haƙa hawa-hawa a ƙarƙashin ƙasa don ɓuya daga mahara, har da rumbuna da wurin dabbobi da manyan duwatsun toshe ƙofa. A ciki babu iska mai yanka fuska. Ya kuma tsaya da mu a Avanos, garin maginan tukwane, muka ci naman da ake dafawa a tulun ƙasa a fasa shi a gabanka.

Dawowa ta zo da nata. Istanbul filin jirgi biyu gare ta, kuma tikitin da suka yanka ya sauke mu a Sabiha Gokcen, ɓangaren Asiya, alhali jirgin Madina daga babban filin da ke ɓangaren Turai zai tashi, tafiyar fiye da awa guda ko hanya na da kyau. Ba su tanadi mota ba. Kilon kayan da jirgin cikin gida ya yarda da shi kuma bai kai na jirgin da ya kawo mu daga Abuja ba, sai da muka biya ƙari.

Muna sauka Madina sai ka ce wani kamfanin ne daban. Wakilinsu na tsaye da sunanmu, masauki dab da Harami, ya nuna mana yadda za mu nemi lokacin shiga Rauda a manhajar Nusuk. Ranar tafiya Makka ya biya da mu miƙatin Zulhulaifa muka yi harama, ya sa mu a jirgin ƙasan Haramain da ke cinye kilomita 450 cikin ƙasa da awa biyu da rabi, akwatunan kayan sanyi kuma ya tura su a mota saboda jirgin na da iyakar kaya. Shawararsu ta ajiye Umara a ƙarshe ma daidai ce: dabino da zamzam daga Jidda sai gida.

Kuɗin balan-balan sun dawo da shi, amma sai da na yi ta sintiri a ofis. Da dala aka yi mana lissafinsa, suka mayar da naira a canjin ranar da muka biya, kuma kafin nan dala ta ƙara tashi. Na yi magana, manajan ya ce haka tsarinsu yake, ya ɗora mini goron haƙuri da alƙawarin rangwame a Umarar azumi.