Shafin Species+ ga mai bin dokar cinikin namun daji

Kafin a nemi izinin fitar da dabba ko itace zuwa wata ƙasa, a fara leƙa shafin intanet na Species+. Kyauta ne, kuma yana nuna rukunin da CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da tsirrai, ta sa kowane jinsi, da adadin da aka amince a fitar, da ƙasashen da aka dakatar da cinikinsu.

Rubuta Psittacus erithacus, wato aku mai ruwan toka, za ka ga an mayar da shi Rukuni na 1, wanda ya fi tsauri, bayan taron CITES na 2016, abin da ya haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Tarihin sauye-sauyen na nan daki-daki, kuma nan ne ƙarfin shafin.

Rauninsa: sunan gargajiya kan ruɗar da bincike, sai an san na kimiyya. Ba ya bayar da izini, wannan aikin hukumar ƙasarka ne, wadda dokarta za ta iya fin CITES tsauri.