Situdiyon da ya haɗa muna waƙoƙin punk lokacin korona, ga yadda ta kaya

Wasu sun dame ni a inbos wai wa ya haɗa muna sautin waƙoƙin nan ukku da munka yi a 2020, kuma ko zan iya tura mutum wurinshi. Amsa a taƙaice eh, amma ku tsaya ku ji dogon, don ba kowa zai ji daɗin aiki da shi ba. Sunanshi ba zan sa ba, shi da kanshi ya roƙe ni, za ku ji dalili.

Mu ukku ne, a jami'a munka haɗu. Watan Maris na 2020 anka rufe makarantu, ga ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba, sannan anka hana tahiya tsakanin jihohi. Ni ina unguwar Mabera a Sakkwato da gita, mai bes (gitar nan mai kaurin murya) ya maƙale Zariya gidan yayarshi, mai ganga kuma yana Legas inda kullen ya hi tsanani tun 30 ga Maris. Zaman banza ya ishe mu munka ce bari mu yi waƙa kowa daga ɗakinshi.

Ranar farko da na kira mai situdiyon na ce Oga punk muke yi, sai yac ce ai ya san fank, irin na rawa ko? Ban ga laihinshi ba, bakinmu ne ke maida p ta koma f. Sai da na zauna na yi mai bayani cewa wanga kiɗa ne da ya taso wajen 1976 a New York da Landan, samari marasa aikin yi da suka gaji da manya, waƙa minti biyu ko ma ƙasa, gita mai kaushi, ganga da gudu, murya kamar ana faɗa, kuma kai ke yin abinka da kanka ba ka jiran kamfani. Ya yi shiru can yac ce, to ƙanena ai zambo ne da gita. Wallahi har yau ban ji fassarar da ta kai wagga ba.

Tsarin aikinshi ya burge ni. Ba ma iya bugawa tare ta waya, sauti na makara, kahin ganga ta iso daga Legas ni na wuce baiti. Sai ya tsara muna: mai ganga ya fara ɗauka yana sauraren ƙwas-ƙwas ɗin awon gudu a kunne, 180 a minti, ya turo, mai bes ya ɗora, sannan ni. Ya hana mu turowa a matsayin boyis not, yac ce WhatsApp na matse sauti, a turo a matsayin dokumen ko a ɗora a BandLab, wani dandalin haɗa waƙa a intanet, tunda kyauta ne kuma yana aiki a waya. Kuma kowa ya tafa hannu sau ɗaya kahin ya fara, da wannan tafin yake daidaita layukan. Ƙaramar dabara amma ta cece mu.

Ni kam na sha wuya. Afrilu a Sakkwato, zahi ya wuce 40, ga azumi ya kama ranar 24, shi kuma yac ce in kashe fanka in shiga cikin wadrob in lulluɓa da bargo saboda amsa-kuwwa. Sai bayan tarawi nake shiga, waya a ɗaure jikin hanga da kyauron roba, in yi ihu minti biyu in hito kamar an tsamo ni daga gulbi. Sau ɗaya Inna ta buɗe ƙohwa ta gan ni tac ce lahiya dai ko aljanu ne. In an ɗauke wuta kuma maƙwabci ya tada janareto, to an tashi aiki sai gobe.

Inda munka fara samun saɓani shi ne haɗin farko. Mutumen nan ya saba da waƙoƙin fim da na biki, hannunshi ya riga ya faɗa can. Ya turo muna abu sumul, ya sa man otocun, abin nan da ke gyara murya ta yi santsi, ya rage kaushin gita, har da wani fiyano a ƙasa wanda ba wanda ya roƙe shi. Waƙar da muke zagin masu ɓoye kayan tallahi ta koma kamar za a kai amarya. Na kira shi na ce Oga dattin nan da ka wanke shi ne waƙar. Abin da zan yaba mai, bai yi girman kai ba, sau huɗu yana sakewa bai ƙara ko sisi kan dubu biyar ɗin da munka yi ciniki ba, a na ƙarshe har ƙarar janareton maƙwabci ya bari a farkon waƙa, shi ya kawo shawarar, kuma ta zauna daram.

Waƙa ta biyu ce ta kawo maganar suna. Ƙarshen Mayu, kwana kaɗan bayan ƙaramar sallah, ƴan bindiga sunka kashe mutum sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, mu kuma ana ta ce muna mu wanke hannu mu ba da tazara. Na rubuta baiti ina tambaya wane sabulu ke wanke wanga. Da ya ji sai yac ce zai haɗa, amma ba zai sa tambarin muryarshi a farko ba kamar yadda yake wa kowa, kuma kar in yi tagin ɗinshi, don rabin cinikinshi waƙoƙin ƴan siyasa ne kuma yana da iyali. Na ji haushi a lokacin, har na ce wa mai bes matsoraci ne. Amma da anka turo haɗin, a nan ya hi zuba ƙwarewa, ya kashe duk kayan kiɗa daidai kan baitin ya bar murya tsirara. Daga baya na ji kakanninshi mutanen gabas ɗin can ne.

Aibinshi babba jinkiri ne. In yac ce jibi ka lissafa sati, in kuma lokacin kamfen ne ka manta kawai. Ba ya ajiye fayil da kyau, ta ukku sai da mai ganga ya sake ɗauka don ta ɓace mai, ga data na tsada. Kuma in kai ba ka san sautin da kake so ba, zai kai ka inda ya saba. Ka je da misali a waya, ka ce mai kar ya taɓa murya, ka biya rabi ka riƙe rabi. Mai so ya yi man magana in tambaye shi tukuna kahin in ba da lamba.